Yadda Tanko Turmi Ya Taɓa Ƙasa

Wasu samari daga Kura sun zo ƙofar gidana kwanakin baya, kowa da waya a hannu, suka ce suna so su farfaɗo da kokawa a yankin nan namu. Na ce madalla, me kuka tanada? Babbansu ya gyara hula ya ce, "Baba Ɗanlami, ai abin ba wuya. A samu fili, a watsa sanarwa a waya, a ɗauko mai kiɗan kwamfuta, shi ke nan." Na tambaye shi wane filin. Ya ce kowanne ma ya yi, ai ƙasa duk ƙasa ce. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni, suka ɗauka tsufa ne. Karatuna bai wuce firamare ba, amma saboda su da ire-irensu na ce bari in zauna in rubuta yadda sana'ar take, tun daga kiɗan har kan haɗa wasan.

Aikina na farko a duniyar nan shanya ganga ne. Kawuna Nomau, ƙanin mahaifiyata, shi ne makaɗin 'yan kokawa a ƙauyukan da ke tsakanin Bunkure da Kura. Kafin a fita wasa sai in jera gangunansa a rana, in riƙa ƙwanƙwasa fatar da ɗan yatsa ina saurare. In ta yi sanyi murya ba ta fita, in ta sha rana da yawa ta fashe, in ta fashe kuma sandar kiɗan a kaina take sauka. A wurinsa na koyi abin da ake kira take. Kowane ɗan kokawa yana da kiɗansa na kansa, kamar yadda yake da suna. Ko an yini ana kiransa da baki ba zai motsa ba, amma da an kaɗa takensa sai ka ga tsikar jikinsa ta tashi, ya miƙe yana karkarwa. Ka kuskura ka kaɗa wa wani taken wani, to ka haɗa gida biyu faɗa.

Da na ɗan tasa sai na gudu birni. A Sabon Gari na samu aikin naɗe wayoyi wurin wasu makaɗan otal. Shugabansu, Oga Sunday, yana da jita mai lantarki da ba ya barin kowa ya taɓa, da wani kwali cike da kaset na kiɗan Turawa da ake ce wa rok. Abokan kiɗansa ma ba sa son waɗannan kaset ɗin. Ya ce mini ko a can ƙasashensu ba kowa ke jin wannan nau'in ba, na 'yan gefe ne, masu gashi buzu-buzu da tsofaffin riguna, irin waɗanda ba a gayyata biki. Ranar da na fara ji na ce, "Oga, dukan jitar nan ake yi ne take wannan kuka?" Ya ce, "A'a, haka take magana in ranta ya ɓace." Ni kuwa a kunnena kamar garayar ƙauyenmu ce aka jona wa wuta. Na yi shekaru ina naɗe waya ina satar kallon yatsunsa. Da zai koma garinsu ya bar mini tsohuwar jitarsa da lasifika guda mai yagaggiyar takarda.

Kayan aikin ke nan, kuma riƙon su ma sana'a ne. Tsirkiyar jita ba a samun ta a Kura. In ta tsinke sai in je wurin masu gyaran babur in karɓi tsohuwar wayar birki, in warware ta sili-sili, in zaɓi mai kaurin da nake so, in goge da toka. Na sauya ɗaurin jitar ma ya koma irin na garaya, don ta iya faɗin abin da Bahaushe zai gane. Lasifikar kuwa yagewar nan ce sirrinta, ita ke ba da wannan gurnani mai kama da muryar wanda ya kwana yana ihu. Wata rana na kai ta wurin mai gyaran rediyo don waya ta kwance. Bawan Allah ya tausaya mini, ya liƙe takardar tsaf, kyauta. Na dawo gida na kunna, na ji murya garau kamar ta mai karanta labarai. Sai da na sa reza na sake yaga ta. Da ya ji labari ya daina amsa gaisuwata.

Biki na farko da aka ɗauke ni a Garun Mallam ne, kuma daga shi ba a ƙara ba. Na zo da ɗan kalangu guda da janareton haya, na tsuge waƙar da na tsara a kan tsadar taki. Ban kai tsakiya ba wata gwaggon amarya ta tsaya a gabana ta riƙe ƙugu ta ce, "Ɗan nan, mu kiɗa muka ce a kawo mana. Wa ya aiko ka da injin niƙa?" Aka ba ni tuwo a kwano aka ce in ci a hanya. Na gwada kasuwa, masu tumatir suka ce ina korar musu 'yan sari. Na gwada bakin kanal, wato babbar hanyar ruwan noman rani, nan ma kwaɗi kaɗai ke amsa mini.

A bakin kanal ɗin nan Tanko Turmi ya same ni. Turmi ɗan gidan gargajiya ne daga wani ƙauye a yammacin Bunkure, gajere, mai faɗi, wuyansa da kansa kauri ɗaya. A kokawar mu, in hannunka ko gwiwarka ko bayanka ya taɓa ƙasa, an kayar da kai. Shi Turmi tun da ya fara ɗaura warki ba wanda ya taɓa ganin ɗayan ukun nan nasa a ƙasa. Wannan sunan shi ne dukiyarsa. Gonarsa 'yar ƙarama ce, gidansa na laka ne, amma in ya shiga kasuwa hanya ake ba shi. Ya tsaya da fartanya a kafaɗa yana jin kiɗana, can ya ce, "Kai ɗan 'yar'uwar Nomau, wannan abin naka ya iya faɗin takena?" Na ce bari mu gani. Na danna tsirkiya, na ja taken nasa da gurnanin lasifikar nan. Wallahi sai da ya jefar da fartanyar ya shiga zagaye ni yana huci. Da na tsaya ya ce, "Daga yau kai za ka riƙa tashe ni." Kawu Nomau ya yi fushin mako biyu ko fiye, daga baya ya ce to, ganga tana ƙasa, jita tana sama, kowa da hanyarsa.

Haka na sami masu sauraro, sai kuma na ga wasan da kansa yana neman mutuwa. A da kokawa ta kaka ce. An girbe gero da dawa, rumbu ya cika, samari ba aikin fari sai gwada ƙarfi. Da ruwan kanal ya zauna sosai sai lokacin zaman banza ya ɓace. Ana gama yankan shinkafa an shiga dashen tumatir, ana cire tumatir albasa na jira. Babu wanda zai kira wasa, don kowa yana cikin fangali har gwiwa. Sai na ce ni zan riƙa kira, don in ba wasa ba inda zan kaɗa jitata. Na zama mai haɗa kokawa ne don in samar wa kaina wurin yin hayaniya.

Sa rana shi ne rabin aikin. Sai ka san lokacin da yawancin mutane suka gama yanka ba su fara dashe ba, 'yar tsakanin nan da ba ta da tsawo. Ka kauce wa ranar kasuwa, ka kauce wa ɗaurin auren gidan mai gari, ka je wurin dagaci da goro, ka nemo 'yan banga. Sannan a kewaye fili da zana, a bar ƙofa guda, a zuba yashi, a jera buhunan ƙasa su zama da'ira. Sai haɗa 'yan wasa, wanda ya fi komai cin rai. Ba ka haɗa wa da ƙani, ba ka haɗa mutum da surukinsa, ba ka haɗa waɗanda gonakinsu ke shan ruwa daga bakin tiyo ɗaya, don gobe da asuba za su haɗu a can ba alƙali. Na taɓa haɗa wasu biyu ban san akwai rigimar iyaka tsakaninsu ba. An gama wasa a fili, aka ƙarasa shi a gaban dagaci.

Shekarar da tsutsa ta cinye tumatir ita ce mafi muni. Ka je gona da safe ka tarar da ganye ya ƙone kamar an bi shi da wuta. Manoma suka shiga ramin da ba su san mafitarsa ba, 'yan kokawa da yawa suka tafi ci-rani. Na kira wasa, mutane suka zo suka tsaya a bayan zana suna leƙe ta kafa. Wani ya kawo albasa a bakin ƙofa ya ce a karɓa ya shiga, na ce a karɓa. Mai janareto ya ga ba kuɗin biyansa, ya zo ya ɗauke abinsa ana tsakiyar wasa. Na ƙarasa ranar ina kaɗa jita ba wuta, ni kaɗai ke jin ta, sai Turmi da ya matso ya kara kunnensa a jikin katakon don ya ji takensa kafin ya shiga.

Shekarar da ta biyo baya amfani ya yi kyau, mutane suka dawo hayyacinsu. A lokacin ne Turmi ya zo ya same ni ya ce furfura ta fara fito masa a gemu, gwiwa kuma ta fara yi masa magana da safe. Yana so ya yi wasa ɗaya na ƙarshe ya ajiye warki da sunansa cikakke, a ce har ya bari ba a taɓa kai shi ƙasa ba. Kuma ba ya son a ba shi rago, a ce an lallaɓa tsoho. Ya ce Isiya Kwalbati yake so. Kwalbati saurayi ne daga gefen Kura, dogo, mai dogayen hannuwa, buhun shinkafa yake ɗauka a injin casa kamar matashin kai. Shekaru yana neman a haɗa shi da Turmi. Da na kai masa saƙo ya ce, "Ka ce wa Baba Turmi ina gaishe shi, kuma ya ci abinci sosai." Na sayo ƙaton rago na kyautar wanda ya yi nasara, labari ya kai har Kumbotso.

Filin da muka saba ba ya samuwa, masu turara shinkafa sun shimfiɗe shi da shanya daga wannan baki zuwa wancan. Sai Alhaji Sule, wani manomi mai son wasan, ya ara mini gonarsa da aka gama yanka. Na je na taka ta, ta bushe ƙamas, har ta tsattsage. Na tambaye shi yaushe zai sa ruwa, ya ce sai bayan wasa. Na sa aka tuge kututturan shinkafa, aka baje, aka zuba yashi mai kauri. Abin da ban yi ba shi ne abin da ko yaron da ke kora tsuntsu a gona ya sani: a ƙasar noman rani ba mai gona kaɗai ake tambaya ba, ana tambayar maƙwabcinsa. Malam Habu, mai gonar da ke yamma, ranar wasan ce ranar ruwansa. Tun da safe ya buɗe tiyo ya cika fangalinsa. Gafiya kuma ta riga ta huda kunyar da ta raba gonakin biyu. Ruwa ya yini yana shiga ƙarƙashin yashina a hankali, rana kuma tana busar da sama. Ka duba ka ga fili fari tas. Kawu Nomau ya sha gaya mini a danna fili da diddige a ranar wasa, kusurwa kusurwa. Ni kuwa ranar ina can ina fama da wata tsirkiya da ta ƙi zama.

Bayan la'asar wuri ya cika har kan bishiyoyi. Ƙananan 'yan wasa suka yi nasu a gefen gabas, inda ƙasa ta ɗan fi tudu, ba abin da ya faru. Aka zo babban wasa. Kawu ya kaɗa wa Kwalbati takensa, ya shiga ya tsaya a tsakiya ya miƙa hannuwa. Mutanen Turmi a yamma suke zama, daga nan yake shigowa. Yana da wata shiga tasa da kowa ya sani: in jita ta kai ƙarshen kukanta sai ya taho da gudu, ya yi tsalle ya tsallake buhuna, ya dira da diddige biyu har ƙasa ta amsa. Na ja taken, na ja shi fiye da kullum don na san na ƙarshe ne. Turmi ya taho. Ya tashi sama. Ya dira.

Yashi ya buɗe, laka ta yi tsartuwa har kan rigar dagaci. Ƙafafunsa biyu suka wuce gaba, shi kuma ya zauna daɓas, sannan ya kwanta da baya. A daidai nan alƙalin wasa, Malam Iro, wanda usur ke bakinsa, ya busa.

Wuri ya yi tsit, sai janareto. Can mutanen Kura suka ɓarke da ihu, suka ruga suka ɗaga Kwalbati sama. Mutanen Bunkure suka miƙe suna cewa ba a fara ba. Aka yi kan Malam Iro.

"Malam, kafin ya faɗi ka busa ko bayan ya faɗi?"

"Wallahi ban sani ba," in ji shi. "Ni ban busa ba, firgita ce ta busa."

Kwalbati yana sama yana ta dukan kawunan masu ɗauke da shi. "Ku sauke ni, 'yan banza! Kun ga na taɓa shi?" Suka sauke shi. Ya zo ya tsuguna kusa da Turmi ya ce, "Baba, tashi ka wanke jikinka a kanal, mu koma gabas mu kama. Ni ba na son kyautar laka."

Turmi ya yunƙura, ya koma. Ƙugunsa ya goce. Ya sake gwadawa, sai da mutum biyu suka riƙe shi ya tsaya a kan ƙafa ɗaya. Kowa ya ga ba sauran wasa, yau ko gobe. Nan fa abin ya tsaya. In aka ce usur ya riga faɗuwa, Kwalbati ya kayar da shi. In aka ce ba a fara ba, to ya fita daga fili bai kama abokin wasansa ba, gobe a kasuwa za a ce tsoho ya ga yaro ya nemi hanya. Ko ta ina sunan da ya yi rayuwarsa yana tsaronsa ya tafi. Samarin ɓangarorin biyu sun fara zare sandunan zana. Ni kuwa ina tsaye da jita a wuya, na ga ruwa yana tsattsafowa daga wajen gonar Malam Habu, na gane abin da na yi.

Turmi ya ce a ba shi abin magana. Aka miƙa masa. Laka tana ɗiga daga gemunsa.

"Jama'a, ku ajiye sandunan nan. Bayana ya taɓa ƙasa ko bai taɓa ba?"

Wani daga baya ya ce, "Ya taɓa."

"To ya taɓa. Ni ba na musu da abin da idon mutane ya gani. An kayar da ni. Isiya, kai ka kayar da ni?"

"A'a, Baba."

"To wa ya zaɓi filin nan?"

Idanu duka suka juyo wajena.

"Wa ya zuba yashin nan? Wa ya kaɗa mini take har na tashi sama kamar ɗan akuya?" Ya nuna ni da yatsa. "Ɗanlami, ajiye injin niƙan nan ka zo nan."

Na tafi da jitar a wuyana, na ɗauka mari zan sha, kuma da ya mare ni da ban ce komai ba. Ya kama hannuna, wanda bai kai kaurin babban yatsansa biyu ba, ya ɗaga sama.

"Ga wanda ya kayar da Turmi. Duk ƙasar nan ba ɗan kokawar da ya iya, sai mai jita. Ku ɗauke shi!"

Dariya ta fara daga wajen mata masu sayar da ƙosai, ta bi ta zagaye fili. Waɗanda suka zare sanduna suka yar, suka zo suka ɗaga ni sama, mutanen Kura da na Bunkure tare, wayar jita tana jan lasifika a baya cikin laka. Kawu Nomau, don mugunta, ya ƙirƙiro mini take nan take. Kwalbati kaɗai bai yi dariya ba. Ya biyo mu yana cewa, "Shekara nawa ina ɗaga buhu saboda ranar nan, a ce wannan tsinken ya riga ni!" Na ce ya ɗauki ragon, ya ce ba ya cin naman da bai yi gumi a kansa ba. Washegari muka kai ragon gidan Turmi aka yanka, muka ci tare, mai ɗori yana ta fama da ƙugun, Kwalbati na riƙe masa kafaɗa.

Na ci gaba da haɗa wasa shekaru bayan nan, kuma ban ƙara zuba yashi a wuri ba sai na zagaya na gaisa da duk mai gonar da ke kewaye, na tambaye shi ranar ruwansa, na kuma bi fili da diddigena a gaban jama'a. Ƙugun Turmi bai koma daidai ba. Da sanda yake tafiya tun daga lokacin, kuma na san wanda ya ba shi ita. Na je neman gafara ba sau ɗaya ba, kullum sai ya ce in bari, wanda ya yi nasara ba ya ba da haƙuri.

Har yau duk ranar kasuwa ta ƙofar gidana yake wucewa. Jiya ma ya tsaya, ya dogara sandarsa, ya leƙo zaure.

"Zakara, kana ciki?"

"Ina ciki, Yaya Turmi. Shigo ka sha ruwa."

"Ba ruwa ya kawo ni ba, na sha naka ya ishe ni. Yaushe za ka ba ni ramuwa? Ka sa rana, ni zan zaɓi fili."

Na ce, "Ka yi haƙuri, Yaya. Ni na ajiye warki. Wasa ɗaya na yi a rayuwata, kuma ba a taɓa kai ni ƙasa ba."

Ya ɗaga sandar kamar zai jefe ni da ita, sannan ya tuna ita ke riƙe da shi.